Kalmar da Na Karanta wa Mama a Baibai

A shekarar da sojoji suka fara rage ma'aikata, ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare kusa da Paki. Ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, kuma a ganina duk ƙasar Ikara babu mai kama ƙafata a harshen nasara. Abin da ya fi burge ni shi ne rikicin harshen: harafin da ake rubutawa ba a furtawa, kamar k ɗin da ke gaban knife, ko yadda read ta yau da read ta jiya suke rubutu ɗaya, furuci daban. Akwai kuma wata ƙa'ida da nake ji da ita. Nakan rubuta a allo cewa duk kalmar da aka ɗora wa haruffan in a goshi, an juya ta ke nan: correct daidai, incorrect kuskure, visible abin da ake gani, invisible wanda ba a gani. Ɗalibai su rera, ni kuwa ina ta hura hanci.

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin da nake haya da gidan wata dattijuwa Kirista, 'yar kudancin Kaduna, wadda kowa ke kira Mama. Ta daɗe tana aiki a ƙaramin asibitin garin: shara, wankin zannuwa, dafa allurai a tukunya, riƙe masu naƙuda. Ba ta yi boko ba, mijinta kuma ya rasu. Duk ranar da ta ga ban hura wuta ba, sai na ga kwanon tuwo a bakin ƙofata.

Wata Asabar da la'asar ta yi sallama, riƙe da ambulan da ta naɗe a leda. Bayan mun gaisa ta ce ranar Litinin kwamitin tantance ma'aikata zai zauna a Ikara, an ce kowa ya je da takardunsa. Ita ba ta da ko ɗaya sai wannan. Wata nas Baturiya da suka yi shekara shida tare ce ta buga mata da tafireta kafin ta koma ƙasarsu, ta ce ta adana. Tun lokacin tana cikin akwati, ba ta taɓa ba wa kowa ya karanta ba.

Takardar gajeriya ce. Ta faɗi shekarun aikin Mama, ta ce ba ta makara, sannan ta rufe da cewa taimakon da Mama ta yi mata invaluable ne. Ban taɓa cin karo da kalmar ba. Ƙamus yana ofishin shugaban makaranta, tafiyar da ba ta fi minti goma ba, maigadi kuma yana da makulli. Ban je ba. Na ga in, na ga valuable mai daraja, na haɗa lissafina.

"Mama, wannan takarda kada ki kai ta," na ce. "Cewa ta yi taimakonki ba shi da wata daraja."

Ta dube ni, ta ce anya kuwa, matar da ta yi kuka ranar da za su rabu. Sai na gyara zama na yi mata bayani cewa haka Turawa suke, su fara da yabo, su ɓoye allura a layin ƙarshe. Har misalan allo na kawo mata. Ta ninke takardar a hankali, ta yi mini godiya, ta tafi.

Ranar Litinin ta je hannu rabbana. Da jerin sunaye ya fito, tana cikin waɗanda aka sallama. Na san an kori masu satifiket da yawa, mai yiwuwa ko ta kai takardar ba za ta tsira ba. Na sha gaya wa kaina haka. Kafin damina ta kwashe kayanta ta koma garin Kudan wajen 'yarta.

Bayan wata huɗu, ranar kasuwar Makarfi, ina tsaye a layin kananzir, idona ya faɗa kan rubutun da ke jikin tankar: inflammable, ga hoton harshen wuta a gefe. Bisa ƙa'idata, wannan na nufin abin da ba ya kamawa da wuta. Na yi ta kallon rubutun har na bayana ya taɓa ni in matsa. Washegari tun kafin a buga ƙararrawa na buɗe ƙamus. Inflammable, mai saurin kamawa da wuta. Na juya wasu shafuka zuwa kalmar takardar Mama. Invaluable, abin da darajarsa ta wuce a yi mata ƙima.

Sai da na yi mako uku ban iya zuwa Kudan ba. Kullum da uzurin da zan ba kaina. Da na je, na same ta a bakin hanya tana suyar ƙosai, kusa da masu sayar da rake. Ta rame. Ta yi murnar ganina, ta tambayi ɗalibaina da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ta zuba mini ƙosai a takarda. Na durƙusa na gaya mata komai, har da maganar ƙamus da ban je na duba ba.

Ta kwashe kaskon da ke wuta. Sannan ta ce in maimaita ma'anar. Na maimaita. Ta ce takardar kam ta sa ta a murhu tun washegarin ranar da na karanta mata, Lahadi, da ta dawo daga coci.

"Aikin ba shi ne ya fi ci mini rai ba, Malam," ta ce. "Kullum nakan sa matar nan a addu'a. Tun ranar da ka karanta mini na daina. Har na gaya wa matan zumuntar cocinmu irin abin da ta yi mini."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, yaro ne ni, ilimi kuma kogi ne. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Abu ɗaya ta roƙa, in bi ta gida in gaya wa 'yarta da surukinta da bakina, don su ma su daina ganin baƙin Baturiyar. Na bi ta. Surukin, manomin rake ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaye ni aji nawa nake koyarwa. Na ce uku. Ya gyaɗa kai kawai.

Na yi mata alkawarin zan je Ikara in yi bayani ko za a duba lamarinta. Na je sau biyu. Akawun da na samu ya ce an rufe fayil, kuma ko da ba a rufe ba, ina takardar? Ban sami ƙarfin halin komawa Kudan da wannan amsa ba. Bayan shekara biyu na ji ta koma garinsu a kudu, ban sake ganinta ba.