Ranar da Na Rufe Wana da Zane Yana da Sauran Kwana

Ko me zan manta a duniya, ban da wata ranar bazara a fadamarmu ta Kashin Zama, shekarun da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato. Ranar ce na kusa kai wana kabari da hannuna.

Albasa muke nomawa. Ruwan rijiyar gonar ya ja ƙasa, tiyo ba ya kaiwa, sai muka zura injin ban-ruwa can ciki da igiya. Mu a ganinmu wayo ne. Da hantsi tiyon ya zame, wana ya sauka gyarawa, injin kuwa yana ta aiki. Na kira shi sau biyu, shiru. Na leƙa, hayaƙi ya daki idona, na hango shi a kife.

Ihuna ya tara maƙwabta. Aka janye injin, wani ya ɗaura igiya a ƙugu ya fito da shi. Leɓɓansa sun yi baƙi, ƙirji ba motsi. Wani dattijo ya kara kunne a hancinsa, ya ɗago yana salati. Shi ke nan, babu wanda ya ƙara tambaya, don mu mutane ne masu gaggawar suturta mamaci. Ni na shafe masa ido, na rufe shi da zane, na tura mai babur Jega sayen likkafani.

Ana haka wata ungozomar asibiti da aka goyo a babur za ta Maiyama ta ga taro ta sauka. Ko sallama ba ta yi ba. Ta yaye zanen, ta taɓa wuyansa, ta durƙusa ta hau danna masa ƙirji da ƙarfin tsiya, sannan ta toshe masa hanci ta hura masa iska a baki. Mace, a gaban maza! Raina ya ɓaci, na cafke hannunta.

"Inna, mi kika yi ma gawa haka? Ki ji tsoron Allah!"

"Wa yac ce maka gawa ta?" ta daka mini tsawa. "Sakam min hannu, ɗan nan! In kat tsai da ni, kai kak kashe shi."

Na sake ta. Tana dannawa tana ƙirgawa, gumi na ɗiga daga haɓarta. Har ƙarar haƙarƙarinsa na ji. Jama'a na gunaguni, ni kuma kunya da tsoro sun hana ni ɗaga kai. Can sai yatsan ƙafarsa ya motsa. Ya ja wani dogon numfashi, ya sheƙa amai. Dattijon nan har da ja da baya.

A motar albasa muka kwashe shi zuwa asibiti a Jega. Kan hanya muka yi kiciɓis da mai babur, likkafani a ɗaure a bayansa. Nan ne kuka ya ƙwace mini.

Daga baya ungozomar ta ce gwamnati ce ta ɗauki nauyinsu zuwa wani kwas, inda likitoci masu binciken tsayawar zuciya suka koya musu. Da can, in na ji a rediyo an ware kuɗi don irin wannan bincike, tsaki nake yi, in ce rai na Allah ne. Na Allah ne, amma ranar ta hannun wadda aka koya wa Ya mayar mana da shi.

Wana ya yi jikoki. Likkafanin yana nan a ƙasan akwatina. Duk sanda na gan shi nakan tuna cewa tabbatarwa tana gaba da gaggawa, kuma ni da na fi kowa son wana, ni ne na riƙe hannun da ke ceton sa.