Tsagar da Na Goge wa Teku

Ni dai ban taɓa shiga teku ba. Ta tagar jirgin sama nake hango shi, shi ma sai na yi sa'ar kujerar gefe kuma barci bai sace ni ba. Babban ruwan da na sani da ƙafata shi ne kududdufin bayan gidanmu a Kano, wanda damina ke cikawa rani ya zo ya karɓe. Amma in masu rubuta tarihi suna da adalci, ya kamata su ware mini shafi guda a labarin rigimar Tekun Kudancin China, domin ni ne mutum na farko da ya kashe wutarta baki ɗaya, ba jirgin yaƙi, ba taron shugabanni. Da jan farce na yi.

Abin ya taso ne daga Yaya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Malamar makaranta ce tun tana budurwa, har Allah Ya sa ta buɗe firamare tata ta kanta. Mace ce da in ka tura mata saƙon barka da Sallah sai ya dawo maka da gyara. Ina da furfura, ina da tumbi, ina da ɗa a jami'a, amma a wurinta har gobe ni ne yaron nan da aka aika sayen manja ya dawo da kananzir. Shekara da shekaru ina zuwa Guangzhou sayen fitilun sola, maƙwabta na ba ni sautu, surukai na ba ni, har limamin unguwarmu ya taɓa ba ni sautun lasifika. Yaya kuwa ko allura. In na yi tayi sai ta ce, "Bar shi kawai, na sa a dubo a Sabon Gari."

Sai ga shi wata rana ta kira ni da kanta. Ta gama sabon gini, za a buɗe shi farkon zango, an gayyaci iyayen yara, tana son ƙwallon duniya, wato taswirar nan mai juyawa a kan ƙafa, ɗaya a kowane aji da wasu na ajiya.

"Kada ka kawo mini mai tabo," ta ce. "Ka duba da idonka, ba da bakinka ba."

Na ce, "Yaya, duniyar da zan kawo miki ta fi ta ainihin tsafta."

"Ka ji ko. Har ka fara da bakin."

Na rantse a raina wannan karon sai ta yabe ni, ko da kalma ɗaya ce.

A wata kasuwar sari da ke unguwar Liwan ta Guangzhou na sami shagon wata mata da ke sayar da kayan makaranta. Kowane mai shago a nan loban muke ce masa, wato maigida, mace ko namiji. Muka daidaita, aka kai mini kwalayen har masaukin da muke haya ni da wani Babarbare ɗan Maiduguri mai safarar turare da kayan kwalliya. Ni kuwa Bafillacen Kano ne, don haka tun ranar da muka haɗa ɗaki kowa ke iƙirarin shi ya sayi ɗan'uwansa.

Na zauna na fara duba kaya ɗaya bayan ɗaya, ina shafawa, ina ɗagawa a haske kamar mai sayen ƙwai. A na farko na ga abin. Can ƙasan China, a tsakiyar shuɗin ruwa, wasu gajerun karce ne a jere, sun yi lanƙwasa kamar harshen saniya. Na ɗauko na biyu, suna nan. Na uku, suna nan. Duk kwalin da na buɗe, wuri ɗaya, karce ɗaya.

Babarbaren ya leƙo ta kafaɗata. "Wannan ai tsagarmu ce. Ka ga teku ma ya san gidan da ake gadon sarauta."

"Tashi can, bawana. Ba zan kai wa Yaya ruwa mai tsagar Barebari ba, yara su tsorata."

Washegari na rungumi ɗaya na koma wa loban. Na ɗora yatsa a kan karcen, na haɗe rai irin na wanda aka cuta. Ta duba, ta dube ni, ta yi magana a wayarta, wayar ta juya mini da Turanci wai, "Layinmu ne."

To ni a yawon masana'antun da na yi, layi ɗaya na sani, wanda kaya ke bi a cikin inji. Sai na ce madalla, ta amsa laifi, injinsu ne ke karce kaya. Na ce ta canza mini da marasa layi.

"Meyo," ta ce. Babu ke nan.

Na ce ko a sito? Meyo. A masana'anta fa? Meyo. Ta buɗe hannuwa kamar za ta rungumi ƙasar baki ɗaya, ta sake cewa meyo, tana dariya. Na fita na zaga shagunan kasuwar har ƙafafuna suka fara yi mini Allah Ya isa. Ko'ina karcen nan, har a taswirar bango. Na ce lallai inji ɗaya ke buga wa kowa, kuma mutum fiye da biliyan sun zuba masa ido an rasa mai gyarawa. Sai da Bakano ya zo.

Babarbaren yana da wani kwalin jan farce da ya yi kwantai, saboda shuɗi ne, matan Maiduguri sun ce ba su san wannan zancen ba. Muka gwada a kan ɗaya. Wallahi kamar daga tekun aka ɗebo shi. Yini biyu muna kan aiki, taga a buɗe, ɗaki na warin da ya kori sauron unguwa har zuwa Tianhe, can ɗaya gefen gari. Ni ina shafawa, shi yana hurawa yana mita wai ana goge masa asali. Da muka gama, teku ya fito sumul, ba tsaga ba tabo.

Ranar Juma'a bayan an sallame a Masallacin Huaisheng, na haɗu da Alhajin da ke yi mana lodin kaya. Mutumin zangon Kumasi ne, kwantenarsa ta haɗaka ce, kowa ya kawo nasa a cusa. Hausarsa irin ta can ce wadda ba ta san mace ba, kowa "ya" ne, kowa kuma "masa" ne, wato maigida. Muna tsaye a bakin titi muna cin tsiren rago na nuna masa hotuna a waya, ga kafin gyara, ga bayan gyara, ina jiran yabo.

Alhaji ya daina tauna.

"Masa, wa ya gani?"

"Daga ni sai bawana."

"Kar ka nuna ma kowa. Sa waya a aljihu." Ya waiga hagu da dama. "Kai ka san abin da ka share?"

"Karcen inji."

"Inji. Masa, ƙasa ne ka share."

Ya ja ni gefe ya yi mini karatu. Ashe ƙarƙashin wannan shuɗin akwai ɗanyen mai da iskar gas, ga kifi, ga hanyar da jiragen dakon duniya ke bi. China ta ce duk abin da ke cikin tsagar nan nata ne tun kaka da kakanni. Biyetnam ta ce ita ma tana da kakanni. Filifin da Malesiya da Burunai kowa ya ce ruwan ƙofar gidansa ne, ga tasa taswirar. In wannan ya kai injin haƙa, wancan ya turo jirage su kewaye shi. Wani dutsen da ko akuya ba za ta samu wurin kwanciya a kansa ba, sai a zuba masa yashi a kafa tuta, domin mai dutse shi ne mai ruwan da ke zagaye da shi, mai ruwa kuma shi ne mai man. Har fesa wa juna ruwa suke yi da manyan bututu. Na ce, a tsakiyar teku? Ya ce a tsakiyar teku. Na ce to wannan ko yaran unguwarmu da an ɗauke ruwan sama suke daina irin wannan wasa, su kuwa ba ranar dainawa.

"Bar wasa," in ji Alhaji. "Taswira ba ya fita ƙasan nan sai da wannan tsaga. In masu duba kaya suka buɗe suka ga babu, ba naka kaɗai zai zauna ba, kwantena duka ne, da kayan mutane. Ni ba na ɗauka. Yayanka ya yi haƙuri."

Tsiren ya koma mini kamar roba a baki. Jirgin da zai isa kafin buɗe makaranta na mako mai zuwa ne. In ya tafi ba ni, sai dai Yaya ta nuna wa iyaye kantoci wayam.

Alhaji bai ƙyale ni ba. "Amma ku 'yan Najeriya kun saba. Kun ba da Bakasi, yanzu ka zo nan ma kana kyauta da tekun mutane. Mu da maƙwabcinmu ya taɓa ruwan manmu, kotu muka je muka dawo da abinmu."

"Alhaji, ku da kuka fara jiya. Mu mun fara haƙo mai tun kafin a haife ni, kuma rabona a ciki bai wuce layin gidan mai ba. Da waɗannan ƙasashen sun tambaye ni, da na ce kowa ya bar wa ɗan'uwansa."

Na koma masauki na ce wa Babarbaren ya kawo ruwan goge jan farce, za a mayar masa da asalinsa. Muka gwada a kan ɗaya. Auduga ɗaya na goga. Jan farcen ya tafi, tsagar ta bi shi, tekun ya bi ta, rabin Filifin ya narke, ya rage farar roba fes.

"To yanzu ka raba gardama," in ji shi. "Ba ruwa, ba mai, ba masu faɗa."

Ba yadda na iya, na naɗe wannan ɗin a cikin leda na nufi Liwan, da wani mai jan farce a ɗaya hannun. Loban ta kalli na farko, ta kalli na biyu, ta tashi ta sauke ƙofar shagon zuwa rabi. Daga nan ta yi mini faɗan da wayarta ta kasa bi, sai juyawa take tana neman numfashi. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na gane komai, domin muryar Yaya ce sak aka sa mata wani yare.

Da ta huce ta shiga ciki ta fito da wata ƙunshiyar sitika, kowace girman tafin hannun jariri, an buga wannan yankin teku a kai da tsagarsa cif. Wai an taɓa kawo mata wasu kaya da bugun ya yi dishi-dishi, aka haɗo da su. Ta ce in kwaso kayan duka, a gabanta za a liƙa, ba ta yarda da hannuna ba.

Haka muka wuni a bayan shagonta, ni da Babarbaren muna liƙi, ita tana bi da farce tana daidaita gaɓar teku tana zuba mana shayi. A wurin tsire Alhaji ya ce mini tsaga tara ce, amma da na ƙirga ta kan sitika sai na ga goma. Na tambaye ta, wayar ta ce haka take tun fil azal. Na ce wa Babarbaren, ashe tsagar taku haihuwa take yi. A cikin hira ta nuna mana hoton ƙaninta sanye da hular kwano, yana aiki a kan wani injin haƙar mai can cikin ruwan, sai ya yi watanni bai ga ƙasa ba. Na ce ita ta taɓa zuwa? Ta girgiza kai, ta kama ciki. Ko jirgin fito na kogin garin nan ta hau sai ta yi amai.

Alhaji ya zo da kansa ya duba, ya sa tabarau, ya shinshina, sannan ya yarda aka loda. Jirgin ya bi ta tsakiyar tekun da na share na kuma mayar, ba wanda ya tsayar da shi ya yi mini godiya. Kaya suka isa Kano ana saura 'yan kwanaki a buɗe.

Ina cikin wata kasuwar kayan lantarki a Tianhe Yaya ta kira ni ta bidiyo, bayan an watse daga taro. Ga ta a aji, ga ƙwallon duniya a kan tebur yana ƙyalli.

"Sun iso lafiya," ta ce. "Ba wanda ya fashe. Iyaye har hoto suka yi ta ɗauka."

Na gyara tsayuwa, na ji tumbina ya ƙara faɗi.

"Wannan facin na baya fa?"

Na buɗe baki na fara. Ɗanyen mai, iskar gas, duwatsu masu tuta, ƙasashe biyar ko shida, har da bututun ruwa. Ta bar ni na yi nisa, kamar yadda take barin ɗalibi ya gama kuskurensa.

"To, sannu da ƙoƙari. Ba wanda ya juya can. Wani uba ne ya ɗaga 'yarsa ya ce ta nuna masa garinsu." Ta juyo da ƙwallon ta matso da shi jikin waya. "Ga Legas. Ga Abuja. Ga Fatakwal. Karanta mini Kano."

Na matso da fuskata. Daga Abuja har iyakar Nijar fili ne rawaya, ko ɗigo babu.

"Yaya, wataƙila hasken wayar ne."

"Na duba duka. Haske ɗaya ne."

Na goge fuskar wayar da bakin riga, Kano dai ba ta fito ba.

"Ina son kujerun ɗakin karatu kafin zango mai zuwa," ta ce. "Wannan abokin zaman naka ɗan Maiduguri, an ce mutum ne mai natsuwa. Turo mini lambarsa."