Yadda Muka Kai Inna Kallon Sirik a Kan Angarib

Daga gida

Muna idar da sallar asuba muka bar ƙauyenmu da ke yamma da Wad Haddad. Wannan kafin ƙasa ta rikice ne. Mota mai lasifika ta yi ta shelar cewa masu sirik, wato 'yan tafiya kan igiya da haɗiye wuta, sun kafa rumfa a Sinnar. Yarana suka hana ni sakat. Ban taɓa zaton mahaifiyata, Inna, ita ma za ta ce sai ta je ba, macen da tun da ta karye a ƙugu ba ta iya zaman kujerar mota.

"A ɗora ni da gadona," in ji ta. "Ni ma idanu gare ni."

Haka muka ɗaure angarib, gadon nan na igiya, a bayan boksi, wato motar a-kori-kura, ta Usman direba. Inna ta miƙe a kai, matata da yara suka kewaye ta, ni na shiga gaba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Hanyar ta ratsa ƙauyen Gwaggo Hajara, ƙanwar Inna, kuma sun yi shekaru ba sa ga maciji. Inna ta ce a kan tukunya ne, Gwaggo ta ce a kan akuya. Gwaggo ce ta goye ni ina jariri. Su biyu suka rage a ɗakinsu, duk sun tsufa, kuma kullum tsorona kada ɗaya ta tafi ba su shirya ba.

Ƙauyen Gwaggo

Hantsi ya fara ɗagawa muka hango bishiyoyin ƙauyen. Inna ta buga gilashin baya.

"Kar a tsaya. Ku ruhe ni, ba ni son matar nan ta gan ni."

Matata ta ciro farin mayafi ta lulluɓe ta tun daga kai har ƙafa. Yara suka sunkuyar da kai don kada a gane su. Ni kaina na ja rawani na rufe baki. Duk cikinmu ba wanda ya tuna cewa a ƙasar nan a kan angarib ake kai gawa makwanci.

Dattawan da ke shan jabana, gahawar ƙasarmu, a bakin hanya suka miƙe gaba ɗaya. Wani ya gane ni, ya ɗaga hannu yana salati. Kafin mu fita garin na ji kururuwar kuka ta tashi daga cikin gidaje. Na ce wa Usman ya tsaya in yi bayani. Sai murya ta fito daga ƙarƙashin mayafi:

"Wanda yat tsaya, ban yahe mishi ba."

Hanyar kwalta

Da muka hau kwalta na duba madubi. Babura, rakshoshi masu ƙafa uku, da wata tsohuwar lori maƙil da mutane suna bin mu. A al'adarmu ba a ganin gawa a koma shan shayi. Usman ya kashe rediyo, ya rage gudu, ya gyara fuska. Na ce masa ya taka mota mana.

"Ya zol, bawan Allah, ana gudu da gawa?" in ji Usman. Ya share ido ma, marar kunya.

A shingen 'yan sanda, inda kullum sai an sauke mu an buɗe jaka, jami'in ya ƙame ya ɗaga tafukansa ya ce, "Al-Fatiha." Na ɗaga nawa na karanta wa uwata Fatiha, tana bayana tana taunar dabino. Usman ya ce tun da ya fara tuƙi bai taɓa wuce shingen nan da mutunci haka ba.

Wata raksha ta matso daf da mu. Gwaggo ce a ciki, ba takalmi, ɗankwali a wuya, ta miƙo hannu tana neman kama ƙafar gadon.

"Yaya! Haka za ki yi mini? Wa yar rage da ya san huskar uwarmu? Wa za shi ƙara zagina in ji daɗi? Na bar miki tukunyar, Yaya, tashi ki ɗauka!"

Matata ta ce daga nan taunar dabino ta tsaya. Ni kuwa kuka na yi sosai, ina sane da cewa ba wanda ya mutu.

Sinnar

Da azahar muka shiga Sinnar, muka nufi filin da ke kusa da hanyar madatsar ruwa ta Makwar. Ga rumfa ja da rawaya, ƙatuwa, da tutoci da kujeru jere, ganga na tashi. 'Yan rakiya suka sauko suna jinjina kai. Wani tsoho ya dafa ni.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Ban taɓa ganin rumfar makoki irin wagga ba. Amma gangar ta mi ce?"

Kafin in amsa wani mutum ya wuce mu a kan dogayen sanduna, hancinsa ja. Tsohon ya bi shi da kallo har sama. Matasa huɗu suka sauke angarib suka saɓa a kafaɗa suna hailala, suka nufi ƙofar rumfar. A nan Inna ta yaye mayafi ta tashi zaune.

"An hwara?"

Saura kaɗan su yar da ita. Mata suka watse, wani ya faɗa cikin bokitin mai sayar da lemo. Masu layin shiga suka ɗauka wasan ne aka fara daga waje, suka ɓarke da tafi. Gwaggo kaɗai ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallon yayarta.

"Kin ji duk abin da nac ce?"

"Na ji."

"To, ƙarya nike." Ta zauna a gefen gadon. "Matsa."

A kan angarib ɗaya suka kalli wasan. An yi tafiya kan igiya, an haɗiye wuta, biri ya tuƙa keke, amma rabin rumfar Inna suke leƙe. Da aka tashi mai sirik ya zo da kansa yana tambaya ko hajiya za ta yarda ta riƙa yin wannan tashin kowace yamma.

Komawa

Mun ci ful, wato dafaffen wake, da burodi a bakin kogi, muka kamo hanya, Gwaggo na bayan boksi. Bayan magariba muka iso gida, muka tarar labarin rasuwar Inna ya riga mu ta waya. An shimfiɗa tabarmi, an ɗora manyan tukwane, samari har sun haƙa kabari. Liman ya yi mini faɗan da ban sha irinsa ba tun ina makarantar allo, sannan ya ce tunda an dafa abinci sai a ci.

Inna ta ce sai an kai ta ta ga ramin. Aka ɗauke ta da gadon. Ta leƙa ta ce an yi shi gajere, ita ba wada ba ce. Kowa ya yi dariya ban da Gwaggo. Ta kama hannun Inna ta riƙe gam.

"Yaya, ki bari in riga ki. Yau na ɗanɗana. Ba ni iyawa sau biyu."

Inna ba ta janye hannun ba. Samari suka mayar da ƙasa.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya raka uwata, ina kuma neman afuwarsu.