Ƙuri'un da Aka Naɗe Kamar Laya

Gonar fadamar da ke ciyar da gidanmu ba tamu ba ce. Ta wani Alhaji ce, dillalin albasa a Aliero, wanda ya ara wa Baba ita tun kafin a haife ni. Babu takarda a tsakaninsu, babu shaida. Baba ne ya haƙa rijiyar da ke cikinta, shi ya ja fangalinta, kuma da albasar da take fitarwa ake sayen hatsi idan na damina ya ƙare, da ita aka kai ni jami'a. Na tashi a Kashin Zama ina ce mata gonarmu, ba wanda ya taɓa gyara mini.

Ina aji biyu aka zo zaɓen gwamna. A shekarar Alhaji ya faɗa siyasa tsundum, an ce an yi masa alkawarin wani muƙami idan yankinsa ya kawo ƙuri'a. Saura mako guda ya tara masu noma gonakinsa a zaurensa. Na bi Baba ne kawai don zai sauke ni a hanya, na zauna can bakin ƙofa kusa da takalma.

"Ni ban tilasta kowa ba," in ji Alhaji. "Kowa shi zaɓi wanda ransa ka so. Amma akwatin da duk yaf faɗi, na san mutanen wurin ba nawa ba ne. Gona kuwa, nawa ni ka ba ta."

A akwatin unguwarmu Baba ne kaɗai ke noma gonar Alhaji, saboda haka kowa ya san da wa ake. Alhaji ya ɗaga haɓa ya nuna ni.

"Wanga na ɗan jami'ar? To shi za ya yi muna ejen. Mai ilimi ba a zambatar shi ga ƙidaya."

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, ko da na san amsar. Na so in ce ba zan iya ba, amma Baba ya riga ya ce, "An gode, Alhaji."

Abin da na iya shi na yi. Na samo littafin ƙa'idojin zaɓe na karanta shi sau uku, na ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya shafi wakilin jam'iyya. Na rubuta sunayen masu katin zaɓe na unguwarmu gida-gida, na ware waɗanda ke namu da waɗanda ke nasu. Lissafi ya nuna mini abu ɗaya: maza sun rabu kusan daidai, matan gidanmu da na maƙwabta ne za su raba gardama. Da yawansu ba su taɓa dangwale ba sai sau ɗaya ko biyu.

Ranar Alhamis bayan la'asar na tara su a tsakar gidanmu, Inna da gwaggonnina da matan yayyena da maƙwabta, sun kusa talatin. Na yage takardun littafina, na ja gidaje da rula, na zana tamburan jam'iyyu kamar yadda za su zo a takardar ƙuri'a. Tawada ce ba ni da ita, sai na sa aka kawo tukunya muka yi da baƙin gindinta. Yatsun matan fadama sun suɗe da aiki, sai ka ga an dangwala amma alamar da kyar take fita. Wannan ya tayar mini da hankali, don na karanta cewa alamar da ba ta fito ba ana iya musunta ta.

"Ku shafa da yawa," na ce musu. "Ku jiƙa yatsan sosai, ku danna da ƙarfi."

Babbar gwaggona ta dube ni. "Ɗan nan, yatsan da yash shekara sittin ga taɓarya ka ka koya ma dannawa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Kowacce ta gwada sau uku. Duk wadda ta dangwala sai in karɓi takardarta a shimfiɗe in duba, in sa mata alamar daidai kamar malamin firamare. Ba wadda ta kuskure gida. Na tattara takardun na jera su cikin littafi. Ranar na ci tuwo da daɗi.

An kafa rumfar zaɓe a farfajiyar makarantar firamare. Shugabar rumfar wata 'yar bautar ƙasa ce daga kudu, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, amma ta san aikinta. Ejen ɗin ɗaya ɓangaren wani mahauci ne daga Jega Magaji, dangin uwarsa na garinmu, mutum mai faɗin ƙirji da murya kamar lasifikar masallaci. Yana ganina da littafi da biro biyu a aljihu ya kwashe da dariya.

"Ah, Farfesa! Jarrabawa anka ce maka za a yi? Zamna nan kusa gare ni, in ka suma in yi maka fifita."

Na zauna. Duk wanda ya jefa ƙuri'a na sa masa alama a jerina. Matanmu suka zo da hantsi a layi guda, suna fita daga wurin dangwale kowacce na ɗaga mini babban yatsa in gani, baƙi wuluk har gaɓa. Gwaggo ta ce da ƙarfi, "Na danna har tebur yay yi ƙara!" Na sunkuyar da kai don kada mahaucin ya ga murmushina.

Bayan la'asar aka zazzage akwati a kan tabarma, jama'a suka kewaye mu. Yawancin ƙuri'un an ninka su sau ɗaya ko biyu. Amma a cikinsu akwai wasu 'yan ƙanana, a dunƙule, ba su fi kan yatsa ba. Mahaucin ya ɗaga ɗaya sama.

"Jama'a, wagga ƙuri'a ce ko laya? A kira baduku shi ɗinke ta!"

Kowa ya yi dariya ban da ni, domin na gane naɗin. A gidanmu duk takardar da ke da muhimmanci haka ake naɗe ta, yadda malam ke naɗe rubutu: gefe kan gefe, a murje da farce, a sake ninkawa, har ta zama 'yar mitsitsiya a ƙulle a bakin zane. Katin asibiti haka, takardar awo haka. Ban taɓa ganin Inna ta riƙe takarda a buɗe ba. Kuma ranar Alhamis ban bar ko ɗayarsu ta naɗe ba, ni na yi ta karɓewa a shimfiɗe don in duba.

Shugabar ta warware ta farko a hankali. Alamar yatsa tana gidan jam'iyyarmu, baƙa ƙirin. Can ƙasa kuma, a gidan wata ƙaramar jam'iyya da ko sunanta ba a sani ba a garinmu, ga wata alamar, ita ma baƙa ƙirin. An naɗe takardar tawada na ɗanya, an kuma murje. Ta ɗaga ta nuna wa jama'a, ta ajiye ta gefe. Ta warware ta biyu, haka. Ta uku, haka. Kowace 'yar dunƙulalliya da ta ɗauka sai in ce a raina, Allah Ka sa wannan ta bushe kafin a naɗe. Ɗai-ɗai ne suka tsira.

Da aka gama, sun fi mu da ƙuri'a bakwai. Waɗanda aka ajiye gefe ashirin da uku ne, goma sha tara daga ciki naɗin laya.

Na hango Baba a bayan jama'a, tsaye da hularsa a hannu. Bai iya karatu ba, amma ya ga tulin da ke gefe, ya kuma ga fuskata.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi wa shugabar magana da Turanci, muryata ƙasa-ƙasa har sai da ta ce in maimaita. Na roƙe ta ta ɗauki ɗaya ta mayar da ita kan karin naɗinta. Ta yi. Alamun biyu suka haɗu daidai, ɗaya kan ɗaya. Na juya wajen jama'a na faɗa da Hausa: yatsa ɗaya ne, dangwale ɗaya, naɗi ne ya buga na biyun. Mutanenmu suka ɗauki hayaniya, "Gaskiya ne! A ƙirga su!" A rayuwata ban taɓa yin magana gaban mutane masu yawa haka ba.

Mahaucin ya bari hayaniyar ta lafa, sannan ya karɓi takardar ya duba sama ya duba ƙasa.

"Farfesa ya yi gaskiya, guda ta haifi guda. To amma wace ce uwa, wace ce ɗiya? Ku duba ku gani. Duk baƙinsu guda. Wa yas sani ko tsohuwa 'yar ƙaramar jam'iyyar ta ka so?"

"Ba wanda ya san wannan jam'iyyar a garin nan," na ce.

"Kai kas shiga da ita wurin dangwale?"

"Na san waɗanda suka yi su. Ni na koya musu."

"A'aha! Ashe kai na malamin!" Ya juya ga jama'a. "To ku yi mai tafi, ɗalibai sun ci jarrabawa har sau biyu-biyu."

Na ɗauki takardun ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga su a rana, ina neman wadda alamarta ta biyu ta fi haske ko kaɗan. Da sun dangwala sama-sama yadda suka saba, da ta biyun ta fito dishi-dishi, kowa ya gane. Amma sun ji maganata. Na samu huɗu da za a iya cewa akwai bambanci, shugabar ta duba da kyau ta yarda da uku. Sauran ta girgiza kai, ta buɗe littafinta ta nuna mini layin. Ba sai ta nuna ba, na ja masa layi a nawa. Na ce mata don Allah. Na ce mata akwai gona a cikin maganar nan, kuma na ga ba ta gane abin da gona ta haɗa da ƙuri'a ba. Ta ce in yi haƙuri, amma ba za ta iya ba.

Wasu samarinmu suka matso suna raɗa mini kada in sa hannu, a tayar da rigima a soke akwatin. Mahaucin ya daina dariya, ya naɗe hannun riga. Na duba na ga matanmu can nesa a gindin katanga, har da Inna, da yara a hannunsu. Na karɓi biro na sa hannu a takardar sakamako. Sun ci da ƙuri'a huɗu.

A hanyar gida na faɗa wa Baba komai, baƙin tukunyar, da cewa a danna da ƙarfi, da takardun da na karɓe ba a naɗe ba. Ya yi ta tafiya bai juyo ba. Sai da muka kai ƙofar gida ya ce, "Kak ka gaya ma uwarka. Tana can tana murna ta yi daidai."

Ranar Litinin da safe muka tafi Aliero. Ban ma tsaya jin wanda ya ci gwamnan ba, a rediyon wani mai shayi na ji ana ta sanarwa muka wuce. Na tafi da littafina, na shirya bayani tsaf, har na yanki takarda na shafa mata tawadar biro don in nuna wa Alhaji yadda abin ya faru. Muka jira a zaure har rana ta take. Da ya fito, kwafin sakamakon akwatinmu na hannunsa.

Baba ya durƙusa. Ban taɓa ganinsa a durƙushe gaban kowa ba sai a salla.

"Alhaji, ba wanda yaj juya maka baya. Gidana kaf kai munka yi ma. Tawada ce ta..."

"Wanga sa hannun wa ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe," na ce. Na fito da 'yar takardata. "Idan ka duba, lokacin da aka naɗe..."

"Ni ba a kai ni jami'a ba, yaro. Abin da anka rubuta nan shi anka kai sama, kuma shi anka kira ni anka karanta mini." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Akwai wani mutumen Sarandosa, akwatinsu bai faɗi ba, ya daɗe shina roƙona fadama. Ka cire albasarka, Juma'a za ya zo."

"Alhaji, saura mako ukku ta nuna. Ka bar ni in kai ta, in fita da kaina."

"Juma'a," in ji Alhaji, ya shige gida.

Albasar da aka cire tun wuyanta bai kwanta ba ba ta ajiyuwa. Ba a zuba ta a rudu, rumbun ajiyar albasa, a jira farashi ya tashi, ruɓewa take yi cikin kwanaki, dole a kai ta kasuwa a lokacin da albasa ta cika ko'ina, a karɓi abin da aka bayar. Duk gidanmu an san wannan, har yara.

Ban koma makaranta a makon ba. Talata da sassafe muka shiga gonar gaba ɗayanmu, maza da mata, ganye kore shar yana tsaye. Muka yi ta tuge ta kwana uku. Inna tana fangalin da ke kusa da nawa, tawadar zaɓe ba ta gama fita daga farcenta ba. Ta tugo wata 'yar ƙarama, ta kakkaɓe ƙasar, ta juya ta a hannu.

"Ni dai ban gane ba," ta ce. "Duk mun yi yadda kac ce. To su wa sunka ci amanar babanka?"

Na ce mata ban sani ba. Ranar Alhamis da yamma Baba ya kwance injin ban ruwa daga bakin rijiya, muka ɗora shi a kan amalanke tare da buhunan ƙarshe, muka fito.