Ƙullin da Dogo Ya Gane

Shekara goma sha tara Dogo ya yi yana gadin gandun daji. A da maharbi ne, shi ya sa babu dabbar da bai san sawunta ba. A kan idonsa garken gwanki ya ragu daga tamanin zuwa goma sha ɗaya.

Wata safiya ya tarar da uwar garken a mace a bakin rafi, tarkon waya ya shaƙe ta, ga tsohon ciki. Ya durƙusa zai kwance, sai ya gane ƙullin da aka yi wa wayar. Mutum biyu kaɗai mahaifinsu ya koya wa wannan ƙullin, shi da yayansa.

Ya iske yayan a ƙofar gida yana gyaran fartanya, ya ajiye masa wayar.

"Yaya, wannan fa?"

"Ka je ka ga gonata bayan giwayenku sun wuce? Ko zangarniya ɗaya ba su bar min ba. 'Ya'yana ciyawa za su ci?"

Dogo ya juya ya tafi. A ofis ya rubuta cewa bai san mai tarkon ba. Tun daga ranar ba ya iya haɗa ido da abokan aikinsa, gidan yayan kuma bai sake takawa ba.