Bidiyon Suna Babu Uban Jariri

Bilyaminu tela ne, shagonsa na jikin nawa a kasuwar Goronyo, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba. Ɗan Tursa ne, can ƙasar Rabah. Ya yi noman gero ya bari, ya yi dakon albasa ya bari. Ɗinki ne kawai ya riƙe shi, ina jin don ƙafa ba ta hutawa a kan keken ɗinki.

Shi ne ɗan fari wajen Inna Kaltume, ita kuwa kunyar ɗan fari ta riƙe ta da gaske. Ba ta kiran sunansa, sai dai "wancan". In ya shigo gaishe ta, bango take kallo. Yakan ce abin bai dame shi ba. Ƙarya yake, yana damunsa.

Da matarsa ta haihu, ciwon ƙafa ya hana Inna zuwa suna, shi kuma ya rantse sai ta ga jikanta. Ya miƙa wa abokai wayarsa suka ɗauki komai, daga yankan rago har aski. Ya saita kamarar a kan hoto mafi kyau, wai don tsohuwa ta ga har gashin jariri. Sannan ya je Wurno ya sayo tsohuwar laftof ta gwanjo. Mai sayarwar bai ɓoye masa ba, ya ce ram ɗinta gigabait huɗu ne, rumbun ajiyarta ƙarami, ta rubutu ce ba ta bidiyo ba.

"Ai jaki ma shina kai kaya Sakkwato," in ji Bilyaminu.

To, jaki dai ya samu. In ya danna hoto ya tafi, sai ya tsaya ya yi tsalle, murya ta riga baki. Yana ta zagaye tebur yana tsaki. Ana cikin haka ya tuna cewa muddin fuskarsa na ciki, Inna za ta kau da kai, har jaririn ya wuce ba ta gani ba. Sai ya bi bidiyon yana cire duk inda ya fito.

Na ce masa, "Mi kaka yi haka? Sunan ɗanka na."

"Ita za ta kallo, ba ni ba."

Ƙanwarsa Sa'adiya ce za ta kai bidiyon a katin ajiya na waya, don sabis ɗin ƙauyensu ba ya jan abu mai nauyi. Jibi za ta koma. Da gari ya waye ya danna na'urar ta haɗa aikin ta fitar tun da hantsi, har azahar layin da ke nuna ci gaban aikin bai kai rabi ba. Zafi ya kashe ta. Ya ɗora ta kan murfin randa, ya tsaya yana mata fifita da kwali, ya sake daga farko. Ranar ko maɓalli bai ɗinka ba, masu kaya suna zuwa suna komawa da fushi. Gab da magariba, saura kaɗan, ta rubuto wai wurin ajiya ya cika.

Na ce ya dakata mu ari rumbun ajiya na waje gobe. Ina! Wa ya ga Bilyaminu da dakatawa. Ya goge duk guntayen da ya cire. Washegari da aikin ya fito, katin wayarsa kaɗai ke hannu, ya share shi tas, har da ainihin abin da aka ɗauka, ya zuba sabon. Ya kai Sa'adiya tasha da gudu, ya dawo yana cika baki.

Bayan kwana biyu ta kira shi. Ina wurin, ya buɗe murya don in ji yabo.

"Yaya, Inna ta kalla har sau ukku. Ta yi ma yaro addu'a ƙwarai."

"Madalla. Mi tac ce?"

Sa'adiya ta ce, "Tac ce dut mutanen Goronyo ta gane su, amma wancan, ba shi gida aka yi sunan? Ta kore kowa daga ɗaki kahin in kunna mata, Yaya. Kai taka son gani, inda babu mai ganin tana kallo."

Sa'adiya ta ci gaba.

"Akwai wuri guda da hannunka yah hito, kana riƙe da ƙahon rago. Nan tac ce in tsaida. Ta daɗe tana dubi nai. Tana tambaya ko akwai saura."

Ya ja laftof ɗin, ya buɗe kwandon shara na cikinta, ya buɗe wayar, ya sake buɗe kwandon. Ni da na sha yi masa dariya, ranar tausayinsa ya kama ni.

"Yaya, kana ji? Mi za ni ce mata?"