Tagar da Yaya Sani Ya Bari a Karkace

Shekara bakwai ke nan a wannan damina da rasuwar yayana Sani, mai haɗa tagogin alminiyam a Kazaure. Duk shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, in fasa. Bana na kasa fasawa, saboda abin da na gani a ɗakin mahaifiyarmu a Roni.

Shi ya sa wa Inna tagar, irin wadda ake danna 'yan sakatu biyu a kwantar da murfinta zuwa cikin ɗaki don a goge bayan gilashin. A lokacin babu irinta a unguwarmu, har maƙwabta suna shigowa kallo. Yau ta cika gari, samari a waya suke koyon sa ta. Da yana nan da ya sha dariya, don ya tsani gaggawa, ya kuma tsani baƙin mai. Man kaɗanya kaɗai yake shafa wa ƙarafunan da murfin ke juyawa a kansu, wai shi ba ya ɓata labule. Kuma duk gilashin da ya dafa sai ka gane, domin hannunsa na hagu yatsu huɗu ne; gilashi ya cinye manuninsa tun yana koyon aiki.

Ranar da zai rasu ya zo duba tagar, ya tarar ƙarfe ɗaya ya lanƙwashe. Ya bar murfin a karkace, bai rufu ba bai fita ba, ya ce wa Inna kada kowa ya taɓa sai ya dawo. Ya hau babur zuwa Babura neman ƙarfen. Gawarsa aka kawo mana.

Inna ta riƙe maganar nan gam. Ɗan farinta ne, ko da yake na biyu a wajen mahaifinmu, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai “wancan”. Duk wanda ya nufi tagar sai ta ce, “Wancan ya ce a jira shi.” Ruwa yana shigowa ta gefe, bango ya jiƙe ya fara rubewa, ita kuma tari ya kama ta ya ƙi saki. Na yi lallashi, na yi fushi, na turo mata kawu, duk a banza. Gaskiya na ji haushin Yaya a kabarinsa, Allah ya yafe mini.

Bana tarin ya kwantar da ita, likita ya ce ko a gyara ɗakin ko a fitar da ita. Fita kuwa ta ce sai dai gawarta. Ran nan bayan la'asar na shiga na durƙusa.

“Inna, zan cire murfin nan. Ki yi haƙuri.”

Ba ta hana ni ba. Ta juya fuska ga bango ta ce, “Ka bi a hankali, yana da santsi.”

Na ɗauka sambatun ciwo ne. Na kwantar da murfin ya miƙe sosai, na ɗaga gefe ɗaya kamar yadda na sha ganin yana yi. Ƙarfen da ya shekara bakwai a cikin ruwa, wanda na zo masa da guduma, sai ya zame ya fito ba ko ƙara. Na duba yatsuna, suna ƙyalli. Na shinshina: man kaɗanya ne, sabo, ko ƙura bai ɗauka ba. A can saman gilashin kuma, inda hannun Inna ba zai kai ba ko tana da lafiya, akwai shatin tafin hannu na maiƙo. Na ƙirga yatsun, na sake ƙirgawa, huɗu ne, babu manuni, sannan na ajiye murfin.

Na san mamaci ba ya dawowa, a kan haka aka raine ni. Na tambayi kowa a gidan, kowa ya ce bai taɓa ba. Ban kuma goge gilashin ba, yana jingine a bayan ƙofata.

An rufe gurbin da sabon murfi, bango ya bushe, tarin ya lafa. Shagon Yaya ya zama na masu cajin waya, kayan aikinsa sun watse. Abin da ya rage mini shi ne abin da na ji a yammacin nan, lokacin da iska ta shigo ta gurbin tagar. Inna ta ɗago kai, ba ni take kallo ba, ta ce a hankali, “Sani, an cire. Je ka huta.”

Allah ya jiƙansa da rahama.